Makon Auta

Duk safiyar Asabar, a ƙofar gidan Inna, biyu daga cikin 'ya'yanta uku sukan haɗu su yi wa juna abin da ko baƙi a kasuwa za su ji kunyar yi. Ɗaya ya zo miƙa makullin mota, ɗaya ya zo karɓa, kuma kowa ya zo da niyyar kama ɗan'uwansa da ƙarya.

Wannan Asabar ɗin Auta ne mai karɓa. Mai miƙawa kuwa babban wansu ne, wanda tun yana yaro ake ce masa Manaja saboda son ba da umarni, ko da yake har yau ba a ga abin da ya taɓa riƙewa ya yi kyau ba. Motar na tsaye a tsakaninsu, wata ƙatuwar jif ce mai kujeru jere uku, wadda mahaifinsu ya mutu ya bari. Giwa suke ce mata, ba don girma kaɗai ba, har da ci.

Auta ya zagaye ta a hankali. Ya harbi kowace taya da ƙafa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga, ya buɗe bonet ya zaro sandar auna baƙin mai ya goge ta a tsumma ya sake tsomawa. Manaja na jingine da katanga yana kaɗa makulli a yatsa.

"Ka gama binciken gawar, ko in aro maka fitila?" in ji shi.

"Yaya, ai wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu."

"Au, ni ne macijin ke nan?"

"Ni dai ban kira suna ba."

Auta ya shiga ya murɗa makulli. Rediyo ya ɓarke da ƙara har sai da ya zabura, allurar mai kuwa tana kwance a ƙasa ko motsi ba ta yi ba.

"Man fa, Yaya?"

"Yadda na karɓe ta haka na kawo ta. In kana da ƙorafi ka kai wa 'yar'uwarka."

Ya faɗi haka ya juya, ya ɗaga murya ya yi wa Inna sallama daga bakin ƙofa, ya tari tasi ya yi gaba. Inna ta amsa daga can ciki, ba ta fito ba.

Ba haka aka fara ba, a gaskiya. Lokacin da tsohon ke raye Giwa ba ta taɓa kwana a hanya ba, don shi mutum ne da in ya ji ƙara kaɗan a mota ba ya iya cin abinci sai an gano daga ina take. Da ya rasu aka so a sayar a raba, Inna ta ce a'a. Gwiwoyinta ba sa yarda da ƙaramar motar da sai an durƙusa kafin a shiga, kuma in aka sayar da motar, me zai riƙa kawo mata su? Sai aka yanke cewa kowa zai riƙe ta mako guda, kuma mai riƙe da mota shi ke riƙe da Inna a makon: cefanenta, maganinta na suga, kai ta gaishe-gaishe, duk a wuyansa.

Wata biyu ba a yi ba tayoyi suka suɗe, aka yi rigimar da har maƙwabta suka leƙo. Tayar Giwa ba tayar yara ba ce, guda ɗaya sai ta cinye ribar da Auta ke samu a shagonsa na fenti cikin wata. Nan ne 'yar'uwarsu ta tsakiya, malamar makarantar da suke kira Alƙaliya don ba ta taɓa jin magana ba ta yanke hukunci a kai ba, ta kafa doka. Ta ce a daina tara kuɗi ana jan rai. Duk abin da ya lalace a makonka, naka ne, kai za ka gyara. Kowa ya ce madalla, an huta.

Hutun ke nan da ba a sake gani ba. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara gyara komai a motar nan, sai dai lallaɓawa. In birki ya fara kuka, sai ka rage taka shi har Asabar. In batir ya yi sanyi, sai ka riƙa ajiye ta a gangare. In gilashin taga ya ƙi sauka, sai ka ce ai kai dama ba ka son iska. Mai kuwa kowa ya ƙware wajen auna shi, ta yadda zai iso ƙofar Inna da ɗigon ƙarshe. Mutum uku da suka sha nono ɗaya, kowa ya zama gwani wajen tura wa na gaba wuta.

Auta ya ja motar zuwa gidan mai mafi kusa yana tsine wa wansa a zuci. Ya kashe rediyon don kansa ya huta, kuma a nan ne ya gane abin da ya sa aka ƙure shi. Akwai wani gurnani da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙafarsa. In motar ta zo canja giya sai ta yi jim, injin ya yi ta ihu a banza, sannan ta fizga kamar an tunkuɗo ta daga baya.

Yana tsaye a layin mai rana ta haska gilashin da ke bayan sitiyari, inda allurai suke, sai ya ga wani ɗan wuri da bai yi ƙyalli kamar sauran ba. Ya sa farce ya kankara. Baƙin salatif ne, an yanka shi daidai wa daida, an manna da kyau kamar aikin tela. Da ya ɓare, sai ga wata 'yar fitilar gargaɗi ruwan lemo a kunne tana kallonsa.

"Kai, Yaya! Allah ya isa," ya faɗa a fili, har mai zuba mai ya waiwayo.

Ya ɗauko waya zai kira, ya fasa. Me zai ce? Makulli na hannunsa, ya duba ya karɓa da kansa, doka kuma ba ta san salatif ba. Ya daɗe yana kallon fitilar. Daga nan ya hura ƙurar da ta hau salatif ɗin, ya mayar da shi inda ya same shi, ya danna da babban yatsa.

Bakaniken da ke duba Giwa tun zamanin tsohon yana bayan kasuwar katako, a wani gareji da ba ka sanin launin ƙasarsa don baƙin mai. Ko tashi bai yi daga kan tsohuwar kujerar motar da yake zaune a kai ba. Ya saurari gurnanin, ya sa Auta ya ja gaba ya dawo baya, ya sunsuni man giyar ya yatsina fuska.

"Giyar ce," ya ce. "Man ya ƙone, wani abu ya fara cinyewa a ciki. Yanzu in an buɗe ana iya ceto ta. In kuka bari ta tsaya da kanta, sai dai a nemo wata giyar gaba ɗaya, ita kuwa irin ta wannan motar ba a samunta a kan tebur."

Ya faɗi kuɗin buɗewar. Auta ya dafa mota. Ya faɗi na sabuwar giyar kuma, Auta ya nemi wuri ya zauna a kan wata taya.

"To, tsakani da Allah," Auta ya rage murya, "za ta kai Asabar?"

Bakaniken ya kwashe da dariya har yana buga cinya.

"Ku 'yan gidan nan baki ɗaya gare ku! Yayanka ya zauna a kan tayar nan makon jiya ya yi min wannan tambayar. Kafin shi Malama ta zo, ita ma haka. Ni dai duk wanda ya zo, abu ɗaya nake yi masa."

Ya miƙa hannu ya ɗauko wata 'yar kwalba mai kauri kamar zuma, ya ɗura wa giyar, ya karɓi kuɗinsa. Bai rantse cewa za ta kai ba. Ya ce dai a guji hawa tudu, a guji kaya, kuma in da hali a guji motar ma baki ɗaya. Shi gaba ta kai shi, kwalba uku ya sayar wa gida ɗaya kan ciwo ɗaya.

Da Auta ya koma gida ya ba matarsa labari, tana tsaye tana guga, ba ta ko ɗago ba.

"Saura kuma ka yi halin naka na kunya," ta ce. "Yaran nan an kusa komawa makaranta, mai shagon da kake haya ya fara aiko maka da gaisuwar da ba ta Allah ba. In motar nan ta tsaya a hannunka, wallahi shagon ne zai tafi. Su da suke da albashi sun tura maka, kai ma ka tura."

"Ai ba sai kin faɗa ba."

"Sai na faɗa. Na san wanda nake aure."

Ya ajiye Giwa a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, hancinta na kallon gangare, ya rufe ta da tamfol kamar mai jinya. Shago kuwa a bas ya riƙa zuwa. Maƙwabcinsa mai sayar da tayil ya ce, yau kuma mai jif ne a bas? Auta ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Duk safiya kafin ya fita sai ya ɗaga tamfol ɗin ya leƙa ƙarƙashi, ya ƙirga abin da ya rage zuwa Asabar, ya yi wa wansa addu'ar da ba a faɗa a gaban yara.

Cefanen Inna ya aika mata da shi ta hannun ɗan tasi. Ran Talata ta kira shi a waya, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce ko zai biyo ta wajenta in ya tashi, da motar. Ya ce motar ba ta jin daɗi. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe, ba komai, dama ba wani abu ba ne.

Sai ran Laraba da rana ya samu ya leƙa ta. Ya tarar da ita a ɗakinta, zaune a bakin gado, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan matashi ta lulluɓe da zani. Ta yi murnar ganinsa, ta ce ya zuba wa kansa shayi a fulas, ita ba za ta tashi ba. Auta ya zauna a kan tabarma, ko gaisuwar kirki bai gama ba ya kwance mata buhun da ya zo da shi. Ya ba ta labarin salatif, da kwalbar bakanike, da kuɗin giya. Ya ce ɗanta na fari azzalumi ne, 'yarta kuma munafuka, sun haɗa baki za su rufe masa shago. Ya ce shi yanzu ko tari wani ya yi a gidansa gabansa faɗuwa yake, don ba shi da abin sayen ko ƙwaya ɗaya ta magani a makon nan.

Inna ta saurara, tana murza gefen zaninta.

"Ka yi haƙuri, Auta. 'Yan'uwanka ne."

"Haƙurin ne ya kawo ni nan, Inna."

Can ta ce, "Dama ƙafar nan tawa ce nake so in..."

Wayarsa ta yi ƙara. Alƙaliya ce. Ya ɗaga wa Inna hannu alamar yana zuwa, ya fita tsakar gida.

"Ina tuna maka ne," in ji ta, ko sallama babu, "ranar Asabar ina da tafiya da yara, kar ka kawo min mota da tanki a bushe irin na wancan karon."

"Anti, ke da kika san hanyar gareji fiye da ni, har kina da bakin magana?"

"Ban gane ba."

"Kin gane. An ce kin zauna a kan taya kin yi tambaya."

Sai ta dawo da muryar da take yi wa 'yan aji. Ta ce ita lafiya lau ta miƙa motar, wanda ya karɓa ya duba da idonsa, doka kuma ba ita kaɗai ta amince da ita ba. Ya ce dokar ɓarayi ce. Ta ce to shi ma ai yanzu ya shiga sahu, tunda ba ta ji an ce ya sa an buɗe giyar ba. Suka yi ta yi, murya na hawa, tagar ɗakin Inna kuwa a buɗe take.

Da ya koma ciki yana huci, ya tuna Inna ta fara magana.

"Me kika ce game da ƙafa, Inna?"

"Ba komai. Sanyi ne irin na tsufa. Tashi ka koma shago kar ka rasa ciniki."

Shi kuwa ya tashi, har da jin daɗi a ransa cewa sanyi ne kawai, don sanyi ba ya bukatar mota.

Ran Juma'a da yamma yana cikin haɗa wa wani mutum fenti, yana jin ransa wasai don saura kwana ɗaya tal, sai ga kiran maƙwabciyar Inna, wata tela da ke leƙa ta kullum. Ta ce ya zo yanzu-yanzu, Inna na kwance jikinta kamar wuta, ba ta iya tsayuwa, maganarta ma ba ta fita daidai. Ta ce tun safe take so ta kira, Inna ke hana ta.

Abin da ya fara zuwa zuciyar Auta ba addu'a ba ce. Cewa ya yi a ransa, da ma gobe ne. Tunanin bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya ji shi sarai, kuma ya tsani kansa a kai tun daga shago har gida.

Ya yaye tamfol ya tayar da Giwa. Babu yadda za a naɗe Inna a cusa ta cikin ƙaramar mota a halin da take. Da ya shiga ɗakin sai wani wari ya tare shi, wanda turaren da aka kunna ya kasa dannewa. Shi da telar suka ciccibe ta suka kwantar a kujerar tsakiya. Da zanin ya zame ya ga ƙafar an naɗe ta da tsummoki har idon sawu, ta kumbura ta yi biyun ɗayar. Ya kawar da kai ya rufe ƙofa.

Giwa ta yi ƙoƙari, a ba ta haƙƙinta. Ta ratsa kasuwa tana gurnani, ta wuce shataletale tana fizga, Auta na yi mata magana kamar mutum, yana cewa yi haƙuri, saura kaɗan. Amma asibitin a kan tudu yake, kuma babu wata hanyar. A tsakiyar hawan ya taka totur, injin ya yi ihu har ƙasa na rawa, motar kuwa ta tsaya cak, sannan ta fara silalowa baya. Ya danne birki ya ja na hannu. Wani ƙauri ya cika motar, na baya suka dame shi da hon, wani direban babbar mota ya leƙo ya tambaye shi ko gadon gidansu ne titin.

Ya sake gwadawa, ya mayar da giya baya, ya dawo da ita gaba. Babu abin da ya kama. Ya kifa goshi a kan sitiyari na ɗan lokaci, ya san shagon ya tafi. Sannan ya fito ya goya uwarsa a baya, telar na tallafe da ƙafar, suka ƙarasa hawan a ƙasa. Bai taɓa sanin ta zama marar nauyi haka ba.

Aka karɓe ta aka shiga da ita, aka bar shi a baranda kan wani dogon benci. Ya kira 'yan'uwansa. Manaja ne ya fara isowa, yana share gumi, ya dubi hagu ya dubi dama.

"Na ga Giwa a kan tudu an kewaye ta da duwatsu. Me ka yi mata?"

Auta ya ɗago ya dube shi. "Uwarka na ciki, Yaya."

"Na sani, ai shi ya kawo ni. Tambayarka na yi, don kar gobe a ce ba a yi magana ba. Lafiya lau na ba ka motar nan."

"Lafiya lau? Da salatif a fuskarta?"

"Wane salatif?"

"Wanda ka yanka da almakashin ofishinku, munafuki!"

Manaja ya yo kansa, yana cewa ni kake zagi, ni da na goya ka? Alƙaliya ta iso daidai nan ta shiga tsakani, jakarta a hammata. Ba ta tambayi abin da ya haɗa su ba, don ita ma ta biyo ta tudun. Ta ce wannan ba wurin rigima ba ne, kuma maganar ai a bayyane take, yau Juma'a, makulli na aljihun Auta. Ta ce ba mugunta ba ce, tsari ne, kuma kamar yadda motar take a wuyansa haka abin da asibiti za su nema, sai dai in an taimaka masa don zumunci. Auta ya ce ta riƙe zumuncinta ta sayi taya da shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce in ba za su yi shiru ba za ta kira masu gadi.

Likitan da ya fito matashi ne, amma fuskarsa babu wasa. Ya tambaya ko su ne 'ya'yanta, suka ce e. Ya ce su biyo shi. Inna na kwance an sa mata ruwa, zazzaɓin ya ɗan sauka, idonta biyu. An kwance tsummokin. Alƙaliya ta kalli ƙafar sau ɗaya ta toshe baki da gyale. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, baƙin kuma ya fara hawa.

"Mai ciwon suga ba a wasa da ko ƙurji a ƙafarsa," in ji likitan. "Da tun farko aka kawo ta, wanki ne da magani. Yanzu dole mu yanke, kuma yau ɗin nan, in ba haka ba zai shiga jini. Sai mun buɗe za mu san iya inda za mu tsaya."

Manaja ya gyara murya. "Likita, kamar yaushe abin ya fara? Wane mako, misali?"

Likitan ya ɗauka damuwar ɗa ce, ya ce ai ga mai ƙafar, ita za ta fi sani. Auta kuwa ya san abin da ake nema, Alƙaliya ma ta sani, don ta daina kuka ta kasa kunne.

Inna ta dubi silin. Ta ce takalmi ne ya ɗan goge ta, ranar da 'yarta ta kai ta gaisuwa. Ta so ta faɗa a hanyar dawowa, sai taya ta yi faci, yarinyar ta yi ta faɗa ita kaɗai har gida, sai ta ga ba ranar magana ba ce. Da makon babban ya zo ta ga ko zama ba ya yi, yana ta lissafin mai, ta ce bari dai ta sa man zafi ta gani. Haka makonni suka yi ta juyawa, kowa ya zo da abin da ke cinsa.

"Ban ga makon da ya dace ba," ta ce wa likitan, kamar mai ba da uzurin makara. "Yaran suna fama."

Manaja ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Likitan ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya juya ya ce a shirya ta.

Ma'aikata biyu suka zo suka kwance birkin gadon suka fara turawa. Sun kai bakin ƙofa Inna ta miƙo hannun da babu allura ta kamo gefen rigar Auta, inda fenti ya bushe. Ya sunkuya, yana zaton addu'a za ta ce ya yi mata.

"Auta," ta ce a hankali, don kar sauran su ji. "Ka yafe min. Kai ne ba ka da ƙarfi a cikinsu, na ji duk abin da ka faɗa ran nan. Wallahi na yi iya yina in kai gobe, jikin ne ya ƙi."

Aka zare rigarsa daga hannunta, aka tura gadon, ƙofar ta rufe. Auta ya durƙushe a tsakiyar barandar yana kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne ubansa, 'yan'uwansa biyu na tsaye a bayansa, an rasa wanda zai iya taɓa kafaɗarsa.